Ra'ayinmu: In An Gama Dariya, Sai A Yi Tambaya

Shekarar 2027 ita ce ta babban zaɓe a Nijeriya, kuma duk wanda ya san yadda siyasar ƙasar nan take tafiya ya san ba a jiran a busa usur kafin a fara wasa. Tun kafin hukumar zaɓe ta buɗe fage, hotunan masu neman muƙami sukan mamaye bangaye da turakun lantarki daga Gwadangaji zuwa tsakiyar Birnin Kebbi, daga Ambursa har Argungu. Mawaƙa sukan duƙufa wajen tsara baituka, teloli su kwana a kan keke suna ɗinka riguna da huluna masu tambarin jam'iyya, direbobi kuwa su shiga lissafin kwanakin da za a yi hayar motocinsu. A ganin wannan mujalla, ya kamata ɗalibai da matasan ma'aikata su koyi kallon wannan hidima da idon basira tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kuma ganin akwai malamin da zai koyar da mu wannan darasi a kan kuɗi ƙalilan, watau tsofaffin finafinan zambon siyasa, waɗanda wasunsu sun girmi iyayenmu amma har yau maganarsu ba ta tsufa ba.

Dalilinmu shi ne, yaƙin neman zaɓe na zamani shi kansa shiri ne irin na silima. Yana da mai tsarawa, da mai rubuta jawabi, da mai zaɓen tufafi, da makiɗa, da taron 'yan rakiya waɗanda ake kwasowa a cika fili da su domin hoto ya yi kyau. Wanda ya taɓa leƙa bayan labule ya ga yadda ake haɗa wasa, ba ya saurin ruɗuwa in an ɗaga labulen. Aikin da waɗannan finafinai suka yi ke nan: sun kama hannun mai kallo sun kai shi bayan labule, suka bar shi ya yi dariya, sa'an nan suka bar shi da tunani.

Kada wani ya ce yi wa masu mulki ba'a baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Tun kafin silima ta iso ƙasar Hausa muna da wasan gauta, inda matan fada sukan kwaikwayi sarki da fadawansa, da tafiyarsu da maganarsu, har sarki ya ga abin da ba mai iya faɗa masa baki da baki. Muna da 'yan kama, masu naɗa rawani suna kwaikwayon karatun malamai alhali kuwa zancen tuwo da miya suke yi. Muna da tashe a watan azumi, muna da kalankuwa bayan kaka, inda samarin ƙauye sukan naɗa wa junansu gwamna da alƙali da ɗan sanda. Da silima ta zo kuwa, hukuma ce ta fara riƙe ta. Motar majigi takan shiga gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, da dare a nuna wa jama'a noman zamani da tsabta da tafiye-tafiyen manya. 'Yan siyasa ba su daɗe ba suka gane ƙarfin abin kallo. A zaɓen 1959 Cif Obafemi Awolowo ya zaga Arewa da jirgi mai saukar ungulu, mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallonsa, amma da aka ƙirga ƙuri'u jam'iyyar NPC ce ta kwashe mafi yawan kujerun Arewa. Taron kallo daban, akwatin zaɓe daban.

Mu fara da fim ɗin da ya fi kowanne suna, watau The Great Dictator, wanda Charlie Chaplin ya fitar a Amurka a 1940 yana yi wa Hitler zambo tun yana kan ganiyarsa. A ciki, shugaban kama-karya mai suna Hynkel yana hawa dandali ya yi ta ɓaɓatu da wani yare mai kama da Jamusanci wanda ba shi da ma'ana ko kaɗan, yana huci yana tari, har sandunan lasifika suna lanƙwashewa don tsoronsa, jama'a kuwa suna tafi. In ya ɗaga hannu tafi ya tsaya cak, kamar an kashe rediyo. Darasin a fili yake. Ƙarfin murya ba hujja ba ne, kuma tafin da ake kunnawa a kashe da hannu ɗaya ba shaidar ƙauna ba ne. Muna roƙon mai karatu, idan ya je taron siyasa na gaba, ko na wace jam'iyya ce, ya riƙe takarda da alƙalami, ya cire kirari, ya cire zagin abokan hamayya, ya cire godiya ga manyan baƙi, sa'an nan ya rubuta abin da ya rage. Sau da yawa zai koma gida da farar takarda.

Wasu finafinai biyu na Amurka sun nuna yadda ake ƙera ɗan takara kamar yadda maƙeri yake ƙera fartanya. Na farko shi ne A Face in the Crowd, na Elia Kazan, a 1957. Labarin wani mawaƙi ne ɗan yawon duniya mai suna Rhodes, wanda wata ma'aikaciyar rediyo ta tsinta a gidan waƙafi ta sa shi a shirinta. Bakinsa da daɗi, talakawa suka ɗauke shi nasu, har ya zama tauraron talabijin, ya kuma shiga koya wa wani sanata mai neman shugabancin ƙasa yadda zai yi murmushi da barkwanci don a ce shi ma na jama'a ne. Ranar da asirinsa ya tonu, matar nan ce ta buɗe na'urar ɗaukar magana bayan an gama shiri, duk ƙasa ta ji shi yana kiran masu saurarensa wawaye. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na biyu shi ne The Candidate, na 1972, inda Robert Redford ya fito a matsayin matashin lauya mai aƙida, aka ce masa ya tsaya takarar sanata ya faɗi duk abin da yake so, tun da ba zai ci ba. Da alamun nasara suka fara bayyana, masu tsara masa kamfe suka yi ta rage wa maganarsa gishiri, har ta koma 'yan kalmomi masu daɗin ji waɗanda ba su ɓata wa kowa rai ba, ba su kuma yi wa kowa alkawarin komai ba. Ya ci zaɓe. A daren nasara ya ja mai tsara masa kamfe zuwa wani ɗaki yana tambayarsa abin da za su yi yanzu, fim ya ƙare ba a ba shi amsa ba.

Ba sai mun yi dogon bayani a kan inda waɗannan biyu suka shafe mu ba. Waƙar siyasa tana da tsohon tarihi a Arewa tun zamanin NEPU da NPC, kuma ba mu raina fasahar mawaƙa ba. Amma yau mawaƙi ɗaya yakan wasa ɗan takara a wannan zaɓe, ya zage shi a zaɓe mai zuwa, da murya ɗaya da kiɗa ɗaya. Ga kuma sababbin maroƙa na Facebook da TikTok da WhatsApp, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne ɗalibai, ana biyansu kuɗin kati su yaɗa hoton ɗan takara yana cin abinci a bakin titi, ko yana riƙe da lauje a gonar da bai san mai ita ba. Tambayar da matashin sanatan nan ya yi bayan ya ci zaɓe, mu ya kamata mu yi ta kafin zaɓe: in ka ci, me za ka yi, da wane kuɗi, a cikin wata nawa?

Mu dawo gida Afirka, domin ba Turawa kaɗai suka iya wannan sana'a ba. Maƙwabcinmu Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar ya yi wani ɗan gajeren fim na zane a 1966 mai suna Bon Voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa da dukan ƙawa da fareti irin na shugabanni. Shekara shida kacal da samun mulkin kai, har ya hango cewa bikin mulki yana neman ya fi mulkin kansa girma. A nan Nijeriya kuma, a 1970 aka ɗauki Kongi's Harvest, daga wasan kwaikwayon Wole Soyinka, shi Soyinka ɗin ne ma ya fito a matsayin Kongi, mai mulkin ƙasar Isma. Kongi ya tsare sarkin gargajiya, Oba Danlola, kuma babban burinsa shi ne ranar bikin sabuwar doya sarkin ya miƙa masa doyar da hannunsa a gaban jama'a, don a ce albarkar ƙasa ta koma wurinsa. Yana da majalisar masu ilmi da aikinsu shi ne ƙirƙiro masa take da kirari, yana da rundunar samari masu yi masa waƙa da maci.

Mutumin Kabi zai fahimci wannan labari fiye da kowa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu don tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, na masunta ne da manoma da masarauta. Babu laifi shugaba ya zo Matan Fada ya yi kallo, baƙo ne, a karrama shi. Abin da muke cewa shi ne, tsayawa kusa da babban kifi a ɗauki hoto ba ya zama aikin da aka yi wa masunci. Haka nan ziyarar fada da karɓar sarauta gab da zaɓe. Sarakunanmu na Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru iyayen kowa ne, ƙofarsu a buɗe take ga kowane ɗan takara, saboda haka hoton gaisuwa a fada ba takardar shaida ba ce.

Amma fim ɗin da muke ganin ya fi dacewa da kwarin Rima shi ne Xala, wanda Ousmane Sembène na Senegal ya fitar a 1975. Yana buɗewa da 'yan kasuwar ƙasa suna korar Faransawa daga zauren ƙungiyar ciniki, ana kiɗa ana rawa a waje. Jim kaɗan sai ga Faransawan nan sun komo a matsayin mashawarta, suka ajiye wa kowane wakili jaka cike da kuɗi, kowa ya leƙa tasa ya rufe ya yi murmushi. Ɗaya daga cikinsu, Alhaji Abdulƙadir Beye, ya sayar da shinkafar da aka ba shi don a kai wa jama'a a lokacin fari, ya yi bikin auren mata ta uku da kuɗin. A daren farko ya tarar an ɗaure shi da sammu, ya rasa ƙarfin namiji, abin da ake kira xala ke nan da harshen Wolof. Direbansa yana wanke masa Marsandi da ruwan kwalba na Faransa, 'yan sanda kuwa suna kwashe mabarata daga ƙofar shagonsa a zubar da su bayan gari don kada su ɓata wa baƙi gani. Da ya karye aka kore shi daga ƙungiya, wanda aka ba kujerarsa wani ɗan sane ne da ya yanke aljihun baƙauye, ya ɗinka kwat da kuɗin. A ƙarshe mabaratan nan suka shiga gidan Alhaji, ashe jagoransu ɗan'uwansa ne da ya cinye wa gado, suka ce maganinsa shi ne ya tuɓe su tofa masa yawu.

Mun ce ya dace da mu domin shinkafa ce jigonsa, shinkafa kuma ita ce rayuwar fadamarmu, ita ce kuma kayan siyasar Nijeriya tun Jamhuriya ta Biyu, lokacin da gwamnati ta kafa kwamiti na musamman na shigo da ita, takardar izininta ta zama abin rububi. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamban 2015. A 2016 aka fara sayar da shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas, a 2017 aka buɗe babbar masana'antar casa a Argungu. A 2020 ambaliya ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa a jihar nan, a Janairun 2022 aka gina dalar buhuna a Abuja aka ɗauki hotuna, a Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, mai injin ban ruwa ya ji a jikinsa. Wannan tarihi yana da nasarori, yana da ciwo, kuma a cikinsa ne tambayoyin gaske suke: nawa ne buhun taki, nawa ake sayen shanshera daga hannun manomi, wa ya sami rance, wa ya biya, wane tanadi aka yi wa ambaliya ta gaba. Abin takaici shi ne a wayi gari mutumin da ya noma shinkafa ya shiga layi ya karɓi mudu biyu na shinkafa a bakin ƙuri'arsa ta shekara huɗu. Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta saye da sayar da ƙuri'a, amma tun kafin doka Bahaushe ya riga ya yanke hukunci: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, a cikin waɗannan finafinai wane matsayi muke fitowa? Yana da daɗi mu zauna mu yi wa Hynkel da Kongi da Alhaji Beye dariya kamar mu 'yan kallo ne kawai. Gaskiya kuwa ita ce muna cikin shirin. Majalisar masu ilmi ta Kongi daga jami'a ake ɗauko ta. Rundunar samarinsa ita ce ƙungiyoyin goyon baya da ake buɗewa a ɗakunan kwananmu. Mai buga takardar da ta sa shinkafar jama'a ta bi wata hanya ƙaramin akawu ne, irin waɗanda suke sa hannu a rajista kowace safiya a sakatariyar Gwadangaji. Ranar zaɓe kuma 'yan hidimar ƙasa da ɗalibai ne suke riƙe na'ura da takardar sakamako a rumfa, malamanmu ne suke tattarawa su sanar. Ba mu faɗi haka don zargin kowa ba. Mun faɗa ne don a san nauyin da ke kanmu. A zaɓen gwamnan Kebbi na 18 ga Maris 2023 hukumar zaɓe ta ce zaɓe bai kammala ba, sai da aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna ran 15 ga Afrilu kafin a bayyana Nasir Idris na APC a matsayin wanda ya yi nasara a kan Aminu Bande na PDP, tazarar kuwa ba ta kai ƙuri'a 50,000 ba a jiha mai ƙananan hukumomi 21. Inda tazara take haka, kowace rumfa tana da daraja, haka ma kowane hannu da ya riƙe biro a cikinta. A cikin Xala akwai ɗaliba, Rama, 'yar Alhaji Beye, wadda in ubanta ya yi mata Faransanci takan amsa da Wolof, ta kuma ƙi shan ruwan kwalbarsa. Ba ta zage shi ba, ba ta fasa komai ba, ta dai ƙi shiga wasan. Wannan matsayi a buɗe yake ga kowannenmu.

Za a iya ce mana dariya ba ta taɓa kayar da azzalumi ba, kuma mun yarda akwai gaskiya a ciki. Fim ɗin Chaplin bai tsayar da yaƙi ba, shi da kansa ya rubuta daga baya cewa da ya san irin ta'asar da ake yi a sansanonin Hitler da bai iya yin wasa da abin ba. Mu ma akwai abubuwan da ba na dariya ba ne, kamar sace ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a 2021, da harin da aka kai Mera ta ƙasar Augie a 2024. Akwai kuma wani haɗari, watau dariyar da take ƙarewa a kan cewa duk ɗaya suke, mutum ya kwanta a ɗaki ranar zaɓe. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Irin wannan dariya riba ce ga mai jakar kuɗi, domin in masu fita sun yi kaɗan sayensu ba ya wuya. Sembène yakan kira silima makarantar dare, makaranta kuwa ba a zuwa don nishaɗi kaɗai, ana zuwa ne a fito da abin aiki.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, ƙungiyoyin ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, su ware dare ɗaya a mako a nuna ɗaya daga cikin waɗannan finafinai, a sami mai fassarawa da Hausa kamar yadda ake yi a zamanin majigi, bayan an gama a zauna a yi muhawara. A haɗa da namu na gida, irin su Kwana Casa'in da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, a ga inda gwamnan jihar Alfawa ya yi kama da Kongi da inda suka bambanta. Na biyu, a gayyaci 'yan takara na kowace jam'iyya zuwa zauren ɗalibai ba tare da makaɗa ba, a yi musu tambayoyi a rubuce, a buga amsoshinsu, a adana har shekara huɗu. Matasan ma'aikata za su taimaka ƙwarai a nan, domin kasafin kuɗin jiha takarda ce ta jama'a da ake karantawa a majalisa, kuma su ne suka fi mu sanin bambancin aikin da aka ware wa kuɗi da wanda allo kawai aka kafa masa. Na uku, in an tafi hutu, kowa ya kai labarin Alhaji Beye ƙauyensu ya ba da shi a dandali da bakin uwa, kamar tatsuniya. Manomi ba ya bukatar a fassara masa ma'anar shinkafar da ta ɓace a hanya.

Tun 2018 doka ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25. Watau cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda hotunansu za su hau turakun lantarki nan ba da daɗewa ba, akwai waɗanda za a ajiye wa jaka a kan tebur. Su ma muna gayyatarsu kallon, su zauna a sahun gaba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wassalam.